Motar Disamba

Shekara goma sha huɗu Auta ta yi tana tarin kuɗin motar nan, amma ranar da motar ta iso, sai yayanta ya ce a lulluɓe ta da tamfol a bar ta ta ƙara kwana goma sha ɗaya.

Auta ungozoma ce a babban asibiti. Shekarunta arba'in da shida, ta karɓi haihuwar da ita kanta ba ta san adadinta ba, kuma in ta ɗaga murya a ɗakin haihuwa har likitoci shiga taitayinsu suke yi. Amma a gidansu Auta ce, ba ta da wani suna. Yayanta kuwa dillalin motoci ne, irin mutanen nan da ko ta'aziyya suka zo yi maka sai sun ƙwanƙwasa bonet ɗin motarka sun faɗa maka nawa za ta yi. Shi ya raka ta kamfanin sayar da motoci, shi ya yi ciniki, kuma a ba shi haƙƙinsa, ya yi ƙoƙari, don sai da manajan wurin ya cire tabarau ya share gumi.

Ga mota nan a tsaye, ruwan toka, kujerunta duk a cikin leda, tayoyinta ko ƙura ba su taɓa gani ba. Auta ta miƙa hannu a ba ta takardun da za ta kai ofishin rajista. Yaya ya riga ta karɓa.

"Yau nawa ga wata?" ya tambaye ta.

"Ashirin da biyu."

"Ga wane wata?"

"Yaya, ba makaranta na zo ba. Disamba."

"To ki saurara, tunda wannan ba haihuwa ba ce, fannina ne. Mai sayen tsohuwar mota ba ya duba wata, shekara yake dubawa. Kika yi mata rajista yau, takarda za ta ce motar bana ce. Nan da kwana goma bana ta zama bara. Motar da ko sati biyu ba ta yi a titi ba, a takarda ta shekara. In kika haƙura zuwa biyu ga Janairu kuwa, shekara guda cur za ta yi tana amsa sunan sabuwa. Ranar da za ki sayar, bambancin zai saya miki tayoyi huɗu da batir, har ki ba ni tukwici."

Manajan ya gyaɗa kai kamar ana karanta masa abin da ya rubuta. Ya nuna mata wasu motoci bakwai da aka jera a bayan gilashi, kowacce a lulluɓe. Duk an biya kuɗinsu, in ji shi, masu su suna gida suna jiran sabuwar shekara. Ajiyar ma kyauta ce.

"Lasin tuƙin Baba ranar talatin da ɗaya zai ƙare," in ji Auta.

Yaya ya dube ta, ya dubi manaja, ya yi 'yar dariya. "To sai me? Ya tuƙa a Janairu mana. Wa zai tsayar da tsoho kamar Baba ya ce ya kawo lasi?"

"Kamar ba ka san shi ba."

Ya san shi sarai, shi ya sa ya kau da kai. Mahaifinsu direba ne, shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa motocin mutane. Ya tuƙa manajan banki, ya tuƙa ɗan kwangila, ya tuƙa wata mata mai kantin magani da ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai "kai direba". A duk shekarun nan bai taɓa tayar da mota ba sai ya buɗe akwatin gaba ya karanta takardunta ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa rasa aiki saboda ya ƙi fita da motar da inshorarta ta ƙare da kwana ɗaya. Yanzu idonsa na hagu ya fara gani dishi-dishi. Likita ya ce da rana, a cikin gari, zai iya tuƙi har yanzu, amma shi ba zai sa hannu a takardar sabunta lasi ba. Baba bai yi musu ba. Ya ce ranar da wannan katin ya mutu, shi da sitiyari sai dai kallo, kuma duk gidan an san in ya faɗi haka to an gama.

Tun Auta tana 'yar firamare take jin sa yana ba da labarin masu binciken hanya. Kullum tambayarsu ɗaya ce, in ji shi: motar waye? Kullum amsarsa ɗaya ce: ta maigida ce, ranka ya daɗe. Da dariya yake ba da labarin, su ma yara su yi dariya. Sai da ta girma ta gane ba abin dariya ba ne. Mutumin da ya san ciwon mota daga jin tarinta, bai taɓa mallakar ko keke mai inji ba, don duk abin da ya samu ya tafi a kuɗin makarantarsu. Tun ranar da ta karɓi albashinta na farko ta ƙudura a ranta cewa sabuwar motar da za ta fara shiga gidansu, Baba ne zai fara murza makullinta. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ta fara tarin da gaske, ta yi aikin hutun wasu, ta bar sayen kayan da ƙawayenta ke saya. Da likita ya yi maganar ido sai ta matsa wa kamfanin lamba, kullum waya, har manajan ya fara ɓuya.

Ta fizge takardunta daga hannun Yaya ta tura a jaka.

Da la'asar ta biya gidan Baba, ta tarar Yaya ya riga ta. Dama ta sani. Suna zaune a baranda, Baba a kujerarsa ta roba, rediyo a cinya, Yaya kuma yana ta zana lissafi a iska da makullin motarsa.

"Auta, zo ki zauna," in ji Baba. "Yayanki ya yi min bayani. Gaskiyarsa ce. Ki bar ta sai Janairu."

"Baba, ranar talatin da ɗaya fa..."

"Na sani. Ni na tuƙa mota har na gaji da ita. Wace iri ce ban taɓa ba? Kuɗinki guminki ne, ba za ki zubar da shi saboda tsoho ya zaga unguwa ba. In ta fito a Janairu sai ki ɗauke ni, in zauna a gefe in riƙa yi miki gyara."

Yaya ya tafa hannu. "Kin ji ko? Mai abin ma ya ce."

Auta ta wuce su. Ta shiga ɗakin Baba ta ajiye masa maganin ɗigawa a ido da ta kawo. A nan ta ga baƙin takalminsa na aiki, wanda ya shekara shida a ƙarƙashin gado, an fito da shi an goge yana ɗaukar ido. Farar rigarsa mai aljihu biyu tana rataye a jikin ƙofa, an yi mata guga, karin hannun kamar wuƙa. A kan igiyar shanya ta bayan taga kuwa ga ƙyallen nan nasa ruwan ɗorawa da yake goge gilashi da shi, an wanke shi bai gama bushewa ba. Tsohon nan ya kwana uku yana shiri, sannan ya zauna a baranda yana cewa ya gaji da mota.

Ranta ya ɓaci, kuma ba da Yaya ba. Da Baba ranta ya ɓaci. Ta fito ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu, yadda take tsayawa a kan mijin da ya kawo mai naƙuda a makare.

"Baba, takalmin nan da aka goge, biki za ka?"

Baba ya shiga murɗa rediyo.

"Duk rayuwarka 'to' kake cewa. An ce ka jira a rana awa biyar, to. An ce babu hutun sati, to. Yau ɗanka ya zo da lissafin taya da batir, nan ma to. Ni ban gaji 'to' ɗin nan ba, Baba, ka yi haƙuri. Gobe da safe zan je in yi mata rajista."

"Ke Auta, da Baba kike magana fa," in ji Yaya.

"Na sani. Da kai ma nake. Kai komai ka gani ranar sayar da shi kake hangowa. Motar da ko kujerarta ban zauna ba ka riga ka samo mata mai saye na shekara biyar masu zuwa, har kana tsoron kada ransa ya ɓaci. Ni ban san mutumin nan ba. Ban tara kuɗina don in faranta masa ba."

Baba ya ɗago ya dube ta da idon da ke gani sosai. Bai ce ta yi daidai ba, bai kuma ce ta fasa ba. Ya ce wa Yaya ya miƙo masa butar alwala.

Ofishin rajista a ƙarshen Disamba wuri ne da za ka iya shimfiɗa tabarma ka yi barci. Benci shida babu kowa, fanka tana juyawa a kan kujeru. Yaya ya biyo ta, wai don kada a cuce ta, amma tun daga bakin ƙofa yake magana ƙasa-ƙasa kamar mai rakiyar wanda za a yi wa tiyata. Ma'aikaciyar da ke bayan kanta, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta duba takardun ta duba kalandar bango.

"Sabuwa dal ce fa," ta ce. "'Yar'uwa, babu wanda ya faɗa miki? Ki dawo ranar biyu ga wata. Layi zai kai bakin titi, amma ya fi miki."

"An faɗa min. Tun jiya ake faɗa min."

"Allah ya yi miki albarka, ƙara faɗa mata," in ji Yaya.

"Ni dai nawa shawara ce," in ji matar. Ta jawo fom. "Sunan mai mota?"

Auta ta buɗe jaka ta fito da katin shaidar Baba, wanda dama a wurinta yake zama saboda zuwa asibiti. Ta ajiye a kan kanta. Wannan ko Baba bai sani ba. A hanya ta yanke shawarar, tana cikin tasi.

Yaya ya leƙa ya ga hoton. Sai da ya dafa kanta.

"Auta, kin haukace? Sunan Baba? To wata rana dole a mayar da ita sunanki, kin ga ta zama hannu biyu. Motar Disamba, kuma hannu biyu! Wallahi ko ni aka kawo wa sai na taya ta da wulaƙanci. Kin san abin da kika zubar kuwa?"

"Taya huɗu da batir. Yanzu ka ƙara da madubi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Rubuta, Hajiya," ta ce da ma'aikaciyar. "Yadda yake a katin."

Matar ta ɗauki katin ta duba shekarar haihuwa, ta dubi Auta ta saman tabarau. "Mahaifinki ne?"

"Direba ne. Shekara arba'in da ɗaya."

Matar ba ta ƙara ba da shawara ba. Ta cika fom da kanta, ta buga hatimi da ƙarfin da ya sa Yaya ya runtse ido. Ta ce lamba takan ɗauki sati biyu saboda hutu, amma tunda babu kowa a layi, a leƙo ranar talatin.

Ranar talatin Auta ta baro aiki da kayan asibiti a jikinta ta je, aka ce sai an jima. Ta zauna a benci awa uku ba ta motsa ba, har mai gadi ya fara kaɗa makullai. Ana saura minti goma a tashi matar ta fito daga wani ɗaki da faranti biyu na lamba a hammata, ta miƙa mata da ambulan ɗin takardu. Yaya ne ya ɗaura lambar a harabar kamfanin. Ya ƙwace sukudireba daga hannun makanikin wurin, wai zai karkace ta, ya tsuguna yana ɗaurawa yana mita. Sauran motocin bakwai suna nan a lulluɓe. Yaya ne kuma ya sa aka ɗora motar a kan babbar motar kamfani aka sauke ta a ƙofar gidan Baba, don Auta ta ce babu wanda zai tuƙa ta a titi kafin shi.

Washegari da hantsi Baba ya fito cikin farar riga da baƙin takalmi, ƙyallensa a aljihun baya. Bai yi maganar Janairu ba, su ma ba su yi ba. Ya zaga motar sau ɗaya, ya danna kowace taya da babban yatsa, ya goge madubin gefe da babu komai a kansa. Ya buɗe wa Auta ƙofar baya, ya tsaya a gefe.

"Mai mota a baya take zama."

"Ni gaba zan zauna."

Yaya ya nufi ƙofar da Baba ya buɗe zai faɗa kusurwar da masu gida ke hakimcewa, sai ya yi tunani, ya zagayo ya zauna a bayan direba.

Baba ya shiga, ya gyara kujera, ya ɗaura bel. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta laluben kuloci har Yaya ya ce masa wannan da kanta take sa giya. Baba ya ce an lalata tuƙi. Sannan, kamar yadda ya saba, ya buɗe akwatin gaba ya fito da ambulan. Ya karanta inshora. Ya karanta takardar lafiyar mota. Ya ɗauko ta rajista, ya karkata kai ya kawo ta kusa da idonsa na dama.

Ya daɗe a kan layin farko. Auta tana kallon gilashin gaba, tana jiran faɗa. Baba ya bi layin da yatsa, ya sake bi. Ya ninke takardar a kan karinta, amma bai mayar da ita akwati ba, aljihun rigarsa ya sa ta tare da lasinsa, ya ɓalla maɓalli. Ya yi bisimilla ya murza makulli.

Tuƙin Baba ko ruwa ka ɗora a kofi ba zai zube ba. Suka fita daga unguwa, suka hau babban titi. Auta ta zaci gidan tsofaffin abokansa zai nufa ko tashar da yake zama hira, amma ya wuce duka. Ya miƙe har babban shataletalen da jami'an hanya ke tsayawa suna duba takardu. Su uku ne a wurin, sun tare wata tsohuwar motar kaya. Baba ya rage gudu ƙwarai, har na baya ya yi masa hon. Ɗaya daga cikin jami'an ya ga sabuwar mota da dattijo cikin farar riga, ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Baba ya zaga shataletalen ya dawo. Ya sake rage gudu. Jami'in ya sake ɗaga hannu, har da murmushi.

"Baba, hanya ka ɓata?" in ji Yaya.

"Ni na koya maka hanyar nan."

A zagaye na uku Yaya ya fara cewa mai fa ba kyauta ba ne, sai Auta ta juyo ta yi masa wani kallo, don ita ta gane. Baba ya sa sigina, ya gangara gefe, ya tsaya daidai gaban jami'in da babu wanda ya ce ya tsaya. Ya ja birkin hannu, ya sauke gilashi.

Jami'in saurayi ne, bai fi sa'an jikan Baba ba. Ya matso da mamaki. "Baba, lafiya? Ai na ce ku wuce."

"Ba ka duba ba," in ji Baba. "Aikinka ne. Duba."

Ya ɓalle maɓallin aljihu ya miƙa masa lasi. Saurayin ya karɓa yana dariya, ya juya katin. "Baba, yau fa zai ƙare."

"Yau ɗin ba ta ƙare ba."

"Haka ne. To, Allah ya kiyaye hanya." Ya miƙo katin zai juya.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Baba. "Wadda kuke yi kullum."

Saurayin ya sosa ƙeya. Ya dubi Auta, ya dubi Yaya da ya sunkuyar da kai a baya yana murza ido, ya dubi ledar da ke kan kujeru. Sai ya gyara tsayuwa, ya daina dariya.

"Motar waye?"

Baba ya zaro takardar rajista, ya warware ta a hankali, ya miƙa ta taga da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari.

"Tawa ce," ya ce. "Karanta sunan da ƙarfi, yaro. Idona ɗaya ba ya gani sosai."